Wane irin jirgi ne ke jure iskar tafki?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum. Iyaye da ƴan'uwa masana harkar ruwa, shawara ake nema. Ƙungiyarmu ta masunta za ta sayi sabon jirgi, mutum huɗu ne za su riƙa shiga da kalli (ragar kamun kifi) da mamari (doguwar igiya mai ƙugiyoyi). Yawancin aikin a tafkin Gidimuni na yankin Damagaram ne, amma idan ruwa ya cika ana so a kai shi Tafkin Chadi, wajen Bosso ta yankin Diffa. Damuwarmu iska ce, ta hunturu da kuma wadda ke zuwa gaban hadari. Na katako mai shimfiɗaɗɗen gindi za mu sa a ƙera, ko na faiba, ko na alminiyom? Inji kuma mai ƙarfin doki nawa?

Kafintan Jirgi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka ajiye maganar inji tukuna, a fara da jikin jirgin.

Ruwan da ba shi da zurfi, igiyarsa gajera ce, a tsaye take, kuma tana zuwa ɗaya kan ɗaya. Ba ta ɗaga jirgi ta sauke shi a hankali, marinsa take yi. Shi ya sa gajeren jirgi ke wahala: goshinsa na faɗawa rami kafin ya miƙe wata ta iso. Ga mutum huɗu da kaya, kada a yi ƙasa da mita 7, idan ya kai 8 ya fi. Faɗin gindi kamar mita 1, faɗin baki mita ɗaya da rabi, wato gefen ya buɗe waje kamar akushi. Buɗewar nan ce ke mayar da ruwa waje, ita ce kuma ke hana jirgin kifewa idan mutum biyu sun jingina gefe ɗaya suna jan kalli.

Abin da ya fi komai shi ne tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi bayan an loda. Kada a auna shi wayam a bakin gaɓa, a nan kowane jirgi kyakkyawa ne. A sa mutum huɗun, a sa jiƙaƙƙiyar koma, a sa buhunan yashi a madadin kifi, sannan a auna a tsakiya. In bai kai santimita 35 zuwa 40 ba, a rage kaya ko a ƙara katako ɗaya a gefe. Goshin ya ɗara tsakiya tsawo sosai, kuma a rufe samansa kamar mita ɗaya.

Gindi shimfiɗaɗɗe tun daga gaba har baya yana dukan ruwa, dukan nan kuma shi ke kwance ƙusoshi. Ka ce wa mai ƙirar ya tsuke gaban ya yi kaifi, ya bar shimfiɗar daga tsakiya zuwa baya. Haƙarƙari kowane santimita 40 zuwa 50. Katakon maɗaci ya fi, in an samu busasshe. Farin katako araha ne amma yana shan ruwa ya ruɓe da wuri, ɗanye kuma idan ya bushe sai haɗin ya buɗe. Ƙusa wadda aka lulluɓe da zinki, ba ta rufin ɗaki ba. A cusa auduga ko tsumma a haɗin kafin a bi da kwalta, ba kwalta kaɗai ba, don rana na fasa ta.

Na alminiyom ba shi da nauyi, iska na kwasarsa kamar ƙwarya, ga shi mai waldarsa ba ko'ina ake samu ba.

Mai Gyaran Inji:
Maganar Kafinta haka take. Ga irin wannan jirgi doki 15 ya wadatar. Doki 40 nauyinsa ya haura kilo 60, yana danne baya, kuma ta baya igiya ke shiga.

Ku auna tsawon allon bayan da ake ɗaura inji kafin ku biya kuɗi. Inji mai gajeriyar ƙafa na allon santimita 38 ne, mai doguwa na 51. Don ruwa mai iska ku ɗauki doguwar, ku bar allon da tsawonsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi gajere a kasuwa, sai a yanke allon don farfela ta kai ruwa. An buɗe wa ruwa ƙofa ke nan. Faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya zo daidai da gindin jirgi. Idan ya yi sama, duk lokacin da baya ya ɗaga farfela za ta sha iska, injin ya yi kururuwa, jirgin bai tafi ba.

Haɗin mai a Yamaha Enduro: tankin esansi lita 25, rabin lita na man inji. Sabo dal, awa goma na farko a ninka, lita ɗaya. Man injin jirgi fa, ba baƙin man mota ba, shi ke toshe buji, wato filogi. Esansin kwalba a tace shi da kyalle. Da an tayar, a duba siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayan inji. In ya tsaya a kashe nan take, ciyawa ko yashi ne suka toshe, ko robar famfon ta cinye. Buji biyu, igiyar tayarwa da farfela ɗaya su zauna cikin jirgi kullum.

Baban Su:
Ɗana, ni ina ganin jirgi ɗaya kuke so ya yi aikin biyu. Gidimuni ƙaramin ruwa ne, gaɓa na kusa, ga ciyawa da ke naɗe farfela. Filafili da gwangwala sun ishe ku a can, kuɗin injin ku sa a kalli. Chadi wata duniya ce. A ɓangaren Nijar akwai kututturan itatuwan da suka tsiro lokacin da ruwa ya janye a shekarun fari, yanzu suna ƙarƙashin ruwa ba a ganinsu. Faiba mai zurfin ƙirji tana yanka igiya da kyau, ban musa ba, amma in ta hau kututture ta tsage, sai an nemo gam ɗinta daga nesa. Katako kuwa ko a tsibiri aka samu guduma da kwalta an gama. Sannan ku tuna an sa yankin Diffa ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2015, ku tambayi hukuma sharuɗɗan shiga ruwa kafin ku ɗora jirgi a mota.

Ba igiya ɗaya ke nutsar da jirgi ba, ruwan da ya taru a ciki ne. Ku lissafa: gindi mita 7 da faɗin mita 1, ruwa ya kai santimita 5 kacal, lita 350 ke nan, nauyin mutum biyar. Kuma ba ya zama wuri ɗaya, duk inda jirgin ya karkata can yake gudu. Don haka mutum ɗaya aikinsa kwasa, da bidon da aka yanke aka ɗaure da igiya. Bido shida na lita 25, wayam, a rufe gam, a ɗaure su ƙarƙashin benci, kowanne na ɗaukar sama da kilo 20 in jirgi ya cika. Kifi da koma a tsakiya, a ƙasa. Kowa da rigar ceto a jikinsa, ba a matsayin matashin kai ba.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take, tana ƙarfi da hantsi, ta lafa da yamma. A fita da asuba, a tafi ana fuskantarta, don dawowa ta zo da sauƙi. Ta gaban hadari ba a jayayya da ita: gabas ta yi ja ko baƙi, a bar kalli a ruwa a nemi gaɓa. Igiya kuma ba a ba ta gefe, a tare ta da kafaɗar goshi, a rage wuta.

Ɗan Zango:
Allah ya saka da alheri, Baba. To idan inji ya mutu a tsakiyar iska fa?

Baban Su:
A jefa anka ta goshi, kada a kuskura ta baya. Igiyar ankar ta kai zurfin ruwan sau biyar zuwa bakwai, in zurfin mita 3 ne a saki mita 20. In babu anka, a ɗaura bokiti a igiya a jefa ta gaba, zai riƙe goshin yana kallon iska. Kowa ya zauna a ƙasa, mutum ɗaya kaɗai ya taɓa injin.