Mai gidan da nake haya ya ƙi gyara rufi, ga damina ta kankama

Assalamu alaikum ƴan'uwa, shawararku nake nema. Ina haya a unguwar Bukoki nan Yamai, ɗaki biyu da falo, jika 45 a wata, kuma ba a taɓa bina bashin haya ba. Kwanon ɗakin yara ya yi tsatsa ya huje, iskar farkon damina ta ɗaga gefe guda. Yanzu ruwa yana bin bango daidai inda wayar kuran ta ratsa, bangon kuma ya tsage daga taga har ƙasa, yatsana yana shiga tsagar. Duk daren da hadari ya haɗo sai mu kwashe yara mu koma falo.

Mai gidan wani Alhaji ne, yana zaune a Tawa, dillali ke karɓar masa kuɗi. Dillalin ya ce a bari damina ta wuce. Alhaji in na kira shi ya ce zai turo magini, har yau shiru, ga Agusta ta tunkaro. In riƙe kuɗin haya har ya gyara, ko in gyara da kuɗina in cire? Tashi kam ba zan iya yanzu ba, ko'ina abansin watanni ake nema.

Wani magini daga Talaje: Wa alaikumussalam. Ƙanena, maganar kuɗi ta jira tukuna. Yau ɗin nan ka samo mai gyaran kuran ya raba layin ɗakin nan da sauran gida, kada kowa ya sake kwana ciki. Tsagar da yatsa ke shiga ba ta shafen siminti ba ce, mai yiwuwa ruwa ne ke kwanciya gindin bangon yana cin tushe. Ka duba ta waje, ka yi wa ruwan hanya. A daminar 2024 mun ga yadda gine-gine suka yi ta faɗa wa mutane a ƙasar nan, kada ka jira Alhaji a kan wannan.

Wata Hajiya: Ɗana, ni ma ina ba da haya, zan faɗa maka gaskiya. Dillalai da yawa ba sa kai maganar yadda take, su dai a biya su ɗauki kasonsu. Ka ɗauki bidiyo lokacin da ruwan ke zuba, a ga wayar, a ga tabarmar yara, ka tura wa Alhaji kai tsaye ta WhatsApp cikin ladabi. Wanda ya ga gininsa na shirin faɗuwa ba ya cewa a bari sai rani.

Wani matashi: Ka daina biya kawai, da kansa zai hawo mota daga Tawa.

Wani ma'aikacin shari'a: Don Allah kada ka bi wannan. Ranar da ka riƙe haya da ra'ayin kanka, kai ne ka zama mai laifi, ka kuma ba shi hujjar fitar da kai. Muna da dokar haya tun 1996, kuma ƙa'ida ita ce manyan gyare-gyare irin su rufi da bango na mai gida ne, ƙanana irin makulli da kan famfo na ɗan haya. Ka sa magini ya rubuta maka abin da aikin zai ci, ka tura wa Alhaji, ka nemi ya amince a rubuce cewa za ka gyara a riƙa cirewa daga haya. Ko saƙon murya ya yi kada ka goge, ka kuma adana takardar kowane kwano da buhun siminti da ka saya. In ya ƙi, ka je wurin mai unguwa da shaidu. In abin ya gagara, hisiye, wato jami'in shari'a mai kai takardun kotu, ya zo ya rubuta abin da ya gani ya aika wa Alhaji takardar gargaɗi, sai dai shi aikinsa na kuɗi ne.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. An raba layin kuran ɗazu, bidiyon ma na tura. Alhaji ya kira da kansa, ya ce shi ba a gaya masa bango ya tsage ba. Ya yarda in sayi kwano a cire cikin hayar wata biyu, bango kuma sai ɗansa ya zo ya gani. Malam magini, kafin nan akwai abin da zan tokare shi da shi?