Wai da gaske ana kokawar sumo a sakandaren Japan?

Malamin wasanni, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina da ɗalibi ɗan SS2, jibgege, a kokawar gargajiya duk ajinsu ba mai kai shi ƙasa. Bidiyon sumo ya gani a waya, ya dame ni da tambaya. Yara ma suna yi ne, ko sai waɗancan ƙattin?

Ɗan Kusugu:
Wa'alaikumus salam, Malam. Suna yi sosai. Duk shekara akwai gasar sakandare ta ƙasa, Inter-High, wanda ya ci ana kiransa yokozunan sakandare (yokozuna shi ne matsayi mafi girma a sumo). Makarantu biyu sun yi fice wajen fitar da manyan 'yan sumo: Tottori Johoku, inda Terunofuji ya yi karatu, da Saitama Sakae da ta fitar da Takakeisho da Kotozakura. Onosato ma daga sakandaren Kaiyo a Niigata ya bi ta jami'a, 2025 ya zama yokozuna.

Amma Malam, ka faɗa masa ƙiba kaɗai ba ta isa ba. Da'irar da ake kokawar a cikinta mita 4.55 ce faɗinta. Aka ture ka waje, ko wani abu ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, an gama. Kuma ƙarfin daga ƙugu da cinya yake fitowa, shi ya sa suke yini suna ɗaga ƙafa suna buga ƙasa.

Hajiya daga Kofar Kaura:
Ni dai wannan ɗamarar tasu ce ba zan iya kallo ba.

Ɗan Kusugu:
Hajiya, ai 'yan kokawarmu ma da walki suke shiga fage!

Malamin wasanni:
Ɗan Afirka ya taɓa shiga kuwa?

Ɗan Kusugu:
Ya taɓa, a sumon ƙwararru, Osunaarashi ɗan Masar. Sai dai kowane gidan horo baƙo ɗaya aka yarda ya ɗauka.