Na samu admishan a Sakarya amma Mama ta ce ƙasar girgizar ƙasa ce, dan Allah ku ba ni shawara

Sabon_Ɗalibi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu karatu a Turkiyya ko waɗanda suka taɓa zama can, shawararku nake nema, kuma gaskiya nake so a faɗa min ba wai a kwantar min da hankali kawai ba. Na samu admishan a Sakarya, kimiyyar kwamfuta, komai ya tafi daidai biza kawai nake jira, sai kawuna ya zo gida yake ce wa Mama ai garin nan yana cikin waɗanda girgizar ƙasa ta 1999 ta ruguza, ya kuma buɗe mata bidiyon ta 2023 a waya. Tun ranar Mama ba ta barcin kirki, ta ce ita sam ba ta yarda ba, gara in haƙura in nemi wata ƙasar ko da zan yi asarar shekara guda. Baba kuma ya ce mu daidaita da ita shi ba zai sa baki ba.

Ni kaina da na bincika sai na ga maganar kawu gaskiya ce, 17 ga Agusta 1999, sama da mutum 17,000 suka rasu kuma Sakarya tana cikin inda abin ya fi muni. To akwai wanda irin wannan abu ya taɓa rutsawa da shi yana ɗalibi a waje? Ya aka yi, wa ya taimake ku, karatun ya tsaya ne? Kuma me zan ce wa Mama?

Baƙon_Antep:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ina Gaziantep ranar 6 ga Fabrairu 2023, don haka bari in ba ka yadda na gani da idona sai ka auna da kanka.

Daren Lahadi ne wayewar Litinin, ƙarfe 4:17 na asuba, lokacin hutun tsakanin semesta ne, mu uku ne a gidan haya hawa na uku. Abin da ya tashe ni ƙara ce, wata irin ƙara daga ƙasa kamar tirela ta shigo cikin falo, kafin in gane me ke faruwa wadrob ta kife a kan gadon abokina, Allah ya sa ya riga ya mirgino ƙasa. Mutane suna cewa wai ka tashi ka gudu, wallahi ko tsayuwa ba ka iya yi, ƙasa ce take jefa ka nan ta jefa ka can, kuma ta fi minti ɗaya tana yi, ni dai na rungume ƙafar tebur ina ta salati. Da ta lafa muka sauko ta matakala cikin duhu, ni da silifas da rigar barci, waje kuma sanyi ne na ƙanƙara. Waya kawai na ɗauko, ita ma cajinta bai kai rabi ba. Fasfo, katin ikamet (izinin zama a Turkiyya), kuɗi, jaket, duk suna sama.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce, wadda kullum gaisuwa ce kawai ke haɗa mu a bakin ƙofa, ta jawo mu ta cusa mu cikin motar ɗanta ta rufa mana bargo. Har yau in na tuna matar nan sai na yi mata addu'a. A motar ne na fara gane matsayina na baƙo, rediyo na ta sanarwa, mutane na ta ihu suna nuna hanya, ni kuma Turkancina na sayen burodi ne da hawa bas, kalma ɗaya kawai nake kamawa, deprem, wato girgizar ƙasa. Ina za a je, an rufe gas ne, za a iya shan ruwan famfo, duk sai an fassara min.

Kuskuren da ya kusa jawo mana babbar musiba shi ne da rana abokinmu ya ce bari ya hau ya kwaso mana takardu tunda abin ya wuce. Yana ciki ta biyu ta zo, ƙarfe 1:24, mai ƙarfin 7.5, ta farkon 7.8 ce. Ya fito lafiya amma gine-gine da yawa da suka tsage da asuba a wannan ta biyun suka ƙarasa zubewa. Dan Allah ka riƙe wannan, in ka fita kar ka koma ciki sai hukuma ta duba ginin.

Kwana uku muka yi tsakanin masallaci da wani zauren wasanni. Netwok na zuwa yana ɗaukewa, sai wajen la'asar saƙona ya shiga gida, ashe mahaifiyata tun safe take kuka ta ga labari ta kira ta kira shiru. A duk abin da ya same ni wannan ne ya fi tsaya min a rai, awa goma sha biyu tana zaton na mutu saboda ban taɓa ba ta lambar kowa ba sai tawa. Daga baya ƙungiyar ɗalibanmu ta haɗa sunaye a WhatsApp, muka samu bas zuwa Ankara, tafiyar da ta ɗau lokaci fiye da yadda aka saba saboda hanya cike take da motocin agaji da masu gudu, wasu kuma suka samu jirgi don kamfanonin jirage sun yi ta kwashe mutane kyauta daga yankin. Karatu kuwa gwamnati ta mayar da semestan ta intanet, aka ba waɗanda suka rasa muhalli hostel ɗin gwamnati na KYK.

Cikin garin Gaziantep ma da sauƙi in ka kwatanta da Nurdağı da İslahiye da Antakya da Kahramanmaraş. Sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da Siriya, larduna 11. Ka tuna ɗan ƙwallon Ghana Christian Atsu na Hatayspor, a Antakya gini ya rufta da shi sai ranar 18 ga wata aka samu gawarsa. Don haka ba zan ce maka Mama ba ta da hujja ba, tana da ita.

Amma abin da na lura da shi, a layi ɗaya sai ka ga wannan bene ya zube kamar an tara faranti, na kusa da shi ko gilashi bai fashe ba. Girgiza ɗaya ce ta same su, gini ne ya bambanta. Na dawo na ƙarasa karatuna, sai dai kafin in sake kama gida sai da na tambayi shekarar da aka gina shi.

Mai_Jiran_Digiri:

Subhanallah, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yaya Baƙon_Antep jikina har ya yi sanyi.

Ni abin da zan ƙara, in dalilin canza ƙasa shi ne a guje wa bala'i to a duba da kyau. Ni Malesiya na yi, kuma cikin abin da ya sa gida suka yarda har da cewa ba a san wajen Kuala Lumpur da girgizar ƙasa ba. Sai ga Disamba 2021, ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa daga 17 ga wata, ina zaune a Shah Alam a ɗakin ƙasa saboda ya fi arha. Da yamma ruwa yana idon sawu muna ta ɗora kaya kan gado muna cewa yanzu zai janye, kafin tsakar dare ya kai ƙirji, wuta ta ɗauke, muka hau wajen masu hawa na sama muka kwana a baranda. A unguwar Taman Sri Muda mutane a kan rufin gida suka kwana suna jiran kwale-kwale, kuma sama da mutum 50 suka rasu a faɗin ƙasar. Laftof ɗina da duk aikin binciken da na tara na wata takwas ya tafi, ban ajiye kwafi a ko'ina ba, fasfo kuma ya jiƙe ya manne sai da na yi sabo, aka sake bin layin mayar da biza a ciki, wata biyu ina zirga-zirga. Tun daga nan duk wata takarda tawa sai na ɗauke ta a hoto na tura wa kaina a imel na kuma tura wa yayana. In za ka kama ɗaki a ko wace ƙasa ce ka tambayi maƙwabta, ba mai gida ko ajan ba, me ya taɓa faruwa a unguwar.

Yar_Malam:

Ni dai ra'ayina ya ɗan bambanta, ku yi haƙuri. Kowa na maganar gini da takardu, amma ƙanena maganar mahaifiya ce fa a nan. Shekara huɗu za ka yi, in ka tafi zuciyarta ba ta kwanta ba kullum aka ce wani abu ya faru a Turkiyya ko a wane gari ne hawan jininta zai tashi, kai ma karatun ba zai shiga ba. Kuma ai Turkiyya ba duka ɗaya ba ce. Ni a Konya nake, tsakiyar ƙasar, in ka buɗe taswirar haɗarin girgizar ƙasa ta AFAD, hukumar kula da bala'o'i ta Turkiyya, za ka ga wajenmu da Karaman launinsu ya fi haske, arewa kuma inda Sakarya da Kocaeli da Düzce suke ja ne sosai saboda babbar tsagar ƙasa ta Arewacin Anatoliya, wadda ke haddasa girgizar, ta nan ta bi. Me zai hana ka nemi wata jami'ar a irin wannan wuri ka nuna mata taswirar da idonta? Mu ma mun ji motsin ta 2023 amma ba a yi ɓarna ba. Kar ka yi jayayya da ita, ka zauna ka nuna mata ka ɗauki tsoronta da muhimmanci.

Injiniya_54:

Ina Sakarya shekara ta uku yanzu, injiniyancin gine-gine nake karanta, kuma malamanmu ba sa ɓoye maganar nan, kusan kowane kwas sai an kawo 1999. Dalilin da Adapazarı, wato tsakiyar garin Sakarya, ta sha wuya sosai ƙasar wurin ce, laka ce da yashi da kogi ya tara kuma ruwa yana kusa, da aka girgiza ta sai ta saki kamar kunu, wasu benaye ba su ma karye ba nutsewa suka yi ko suka kwanta gefe ɗaya. Shi ya sa bayan nan aka taƙaita tsayin gini, in ka zo za ka ga yawanci gajerun benaye ne. Jami'ar kuma a kan tudu take a Serdivan tana kallon tafkin Sapanca.

Maganar Yar_Malam kan tsagar gaskiya ce, ba na musu. In ka yanke zuwa nan, ka nemi ginin da aka yi bayan 2000, in na bayan dokar gini ta 2007 ko ta 2018 ne ya fi, duk da a 2023 an ga sababbi ma da suka faɗi saboda ha'incin masu gini. Ka guji benen da ƙasansa shaguna ne zalla da gilashi, musamman in an ce an taɓa cire ginshiƙi don a faɗaɗa shago. Kar gadonka ya kasance ƙarƙashin wadrob ko taga. In ta zo ka durƙusa ka kare kanka ka riƙe wani abu mai ƙarfi, nan suna cewa çök, kapan, tutun, ban da lifta, ban da dirowa ta baranda. A watan Afrilu 2025 da aka yi mai ƙarfin 6.2 kusa da Istanbul, yawancin waɗanda suka ji rauni tsoro ne ya sa suka diro daga sama. Lambar gaggawa 112 ce, kuma da ka samu ikamet ka shiga e-Devlet, shafin gwamnati na intanet, za ka ga filin taruwar gaggawa na unguwarku.

Sabon_Ɗalibi:

Na gode ƙwarai wallahi, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na karanta wa Mama duka, har da na Yaya Baƙon_Antep ban tsallake komai ba, ta yi kuka a wajen awa goma sha biyun nan. Ba ta ce e ba tukuna amma ta ce in nuna mata taswirar da Anti ta faɗa, kuma in bincika ko Konya suna karɓa har yanzu, in ba su karɓa za mu sake zama. Yaya Baƙon_Antep, jakar gaggawa da ake cewa a ajiye a bakin ƙofa me da me kake sawa a taka?

Baƙon_Antep:

Ka gaishe min da Mama, ka ce ɗanta na Antep yana gaishe ta. Tawa ƙaramar jakar baya ce, fasfo da kwafin ikamet a cikin leda mai zif, fawa banki da nake cajawa duk Juma'a, tocila, usur, ruwa, kuɗi a hannu saboda ATM da kati ba su yi mana aiki ba ranar, safa da jaket mai kauri, sai takarda da na rubuta lambobin gida da ta ofishin jakadancinmu da hannu ko waya ta mutu. Takalmi kuma a gefen gado yake kwana. Ranar da ka sauka, ko Konya ce ko Sakarya, kafin ka buɗe akwati ka karɓi lambar mutum biyu da ke garin, abokin ɗakinka da shugaban ɗalibai, ka tura wa Mama ta ajiye a wayarta.