Idan Afirka ta zama ƙasa ɗaya, me za mu kira ta da Hausa?

Mai fassara, Kano:

Jama'a, assalamu alaikum. Wani tsohon bashi ne a wuyana, ku taya ni biya.

A watan Yulin 2007 ina sabon shiga ɗakin labarai na wani gidan rediyo, aka miƙo mini labarin taron shugabannin Afirka da ake yi a Accra, saura minti goma a shiga labarai. Abin da ya tara su shi ne shawarar kafa United States of Africa. Na ce ai wannan ba wuya, tunda federation tarayya muke ce mata. Na zauna na rangaɗa: "Shugabannin Tarayyar Afirka na muhawara kan kafa Tarayyar Afirka." Editanmu ya karanta, ya sauke tabarau kan hanci, ya leƙo ni ta samansa, ya ce, "Yaro, wato taruwa suka yi su haifi kansu?" Ya ja jan biro ya soke, ya rubuta "gwamnati ɗaya ta nahiyar baki ɗaya", aka shiga da shi haka. Labari ya fita, amma abin bai samu suna ba, har yau kuwa kewaye-kewaye muke yi.

Kalmar tarayya mun ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Tarayyar Najeriya soja ɗaya gare ta, naira ɗaya, fasfo ɗaya, kujera ɗaya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Tarayyar Afirka kuwa mambobi 55 ne, kowa da tutarsa da sojansa da shingensa a bakin iyaka. Sannan ga Tarayyar Turai, ga tsohuwar Tarayyar Soviet, duk a jaka ɗaya. Wadda aka kafa a Addis Ababa a 1963 mun kira ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, kuma sunan ya faɗi gaskiya. Da aka ƙaddamar da magajiyarta a Durban a 2002 sai muka ba ta tarayya kyauta, alhali ita ma ƙungiya ce. Wannan kam bakin alƙalami ya bushe, ba mai ƙwace sunan yanzu. To ita ƙasar da ake mafarki, mai shugaba ɗaya da kuɗi ɗaya daga Alƙahira har Cape Town, me za mu kira ta?

Ɗalibi, Zariya:

Malam, me zai hana mu bi shi kalma da kalma? Haɗaɗɗun Jihohin Afirka. In kuma an ga ya yi tsawo a ce Amurkar Afirka, kowa ya huta.

'Yar Damagaram:

Ƙanena, Amurkar Afirka sai dai sunan shagon aski. Amma jihohin nan su ne ban yarda da su ba. Mu a Nijar in an ce jaha, Damagaram ake nufi, ko Maraɗi, ko Tawa, kuma gwamnanta daga Yamai ake naɗo shi. Ka shiga rediyo ka ce Nijar za ta zama jaha, tsohuwar da ke saurare a ƙauye abin da za ta ji shi ne an mai da ƙasarta wurin da ake turo wa gwamna. Kafin ka gama bayani ta kashe akwatin.

Ɗalibi, Zariya:

Yaya, ai gaskiyar abin ke nan. In an haɗe, Nijar da Najeriya duk matsayin jiha za su koma.

'Yar Damagaram:

Ban musa ba. Sai dai kalmar da suke amfani da ita, État da Faransanci ko state da Ingilishi, fuska biyu gare ta: tana nufin ƙasa mai cin gashin kanta, tana kuma nufin yanki a cikin ƙasa. Shi ya sa shugaba ke iya sa baki a zancen ba tare da ya ji an rage masa tsawo ba. Jiha tamu fuska ɗaya ce, ta ƙasa-ƙasa. Ni da za a bi tawa, Dunƙulalliyar Afirka zan ce. Yana da daɗin faɗi, kuma yaro ma ya san dunƙule.

Dattijo, Kaduna:

'Yata, Allah ya yi miki albarka, amma ki ajiye dunƙulalliyar nan, mu mun taɓa ɗanɗana ta. Ina saurayi a watan Mayun 1966 Janar Ironsi ya fito da doka mai lamba 34, ya soke tsarin tarayya, ya ce Najeriya ta zama dunƙulalliya, ba sauran gwamnatocin yankuna masu ikon kansu. Ba a yi mako guda ba garuruwan Arewa suka rikice, kalmar da ke bakin mutane a titi ita ce "a raba", aka yi asarar rayukan da har yau ba na son tunawa. Dunƙule shi ne a kwaɓa a murza har ba ka iya nuna inda wani ya tsaya wani ya fara, kamar curin fura. Abin da Malam ke nema wa suna ba haka yake ba, kowace ƙasa za ta rage da majalisarta da kotunanta.

Kuma kada ku ɗauki wannan aiki wasan yara. A Janairun 1967 Gowon da Ojukwu suka zauna a Aburi ta ƙasar Ghana, aka ci aka sha aka tashi, kowa ya koma gida da tasa fassarar. Ɓangare ɗaya ya ce an amince da sassauƙan haɗi inda yankuna ke riƙe da kusan komai, ɗayan ya ce tarayya na nan daram. Watanni shida bayan nan aka fara yaƙi. Ba na cewa kalma ce kaɗai ta jawo shi, amma ta ba da tata gudummawar.

Mai fassara, Kano:

Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ashe hawa uku ne ke nan. Akwai wanda aka narke gaba ɗaya, shi ne dunƙulalliya. Akwai na tsakiya irin na Najeriya. Akwai kuma na sama-sama, inda kowa ke riƙe da makullin ɗakinsa, kamar Senegambiya da aka ƙulla a 1982 ta watse a 1989, ko wanda Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa wa hannu a Yamai a Yulin 2024. Wannan na ukun ƙawance ya ishe shi, haka ma ake faɗa a labarai. Na tsakiyan ne maraya. Masu Swahili sun fi mu tanadi a nan: ƙungiyar nahiyar umoja suke ce mata, haɗewar Tanganyika da Zanzibar ta 1964 muungano, tsarin tarayya kuma shirikisho. Kowanne da kwanonsa.

Malamin gona, Bichi:

Ni fa abin nan tun ina yaro na san shi, gandu ne. A gidanmu da safe kowa gonar gandu yake zuwa, mu da baffanninmu, sai bayan azahar mutum ya wuce gayaunarsa. Abin da ka noma a gayauna naka ne, ka sayar ka sayi keke ba mai tambaya. Amma hatsin gandu rumbu ɗaya yake shiga, kakanmu ne kaɗai ke cewa a buɗe, shi ke biyan harajin kowa, shi ke yi wa samari aure. Tsarin tarayya bai wuce haka ba. Abin tambaya kullum shi ne wa ke da ikon buɗe rumbu.

Sai dai ban ce a kira ta Gandun Afirka ba. Wani zai ji gandun daji, ya ce dama abin da Turawa ke ɗaukarmu ke nan. Wanda ya san tarihi kuma zai tuna gandun sarki da waɗanda ke noma shi. A bar shi a aji, don yi wa yara bayani.

Basakkwace:

Ku kuna ta nema nesa, alhali wanga abu shina nan gida. Daula. Da anka kafa Daular Usmaniyya, Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Adamawa kowace da sarkinta da alƙalanta da baitulmalinta. Amma tuta daga wurin Shehu anka karɓo ta, naɗin sarki sai an ji daga Sakkwato, kuma ana aiko da gaisuwa. Na yamma irin su Nupe da Ilori Gwandu ka duba su. In ba wanga na tarayya ba, mi na? Kuma mun riga mun yi irinta: masarautu bakwai na Larabawa da sunka haɗu, su Dubai da Abu Dhabi, mi muka ce musu? Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ba wanda ya taɓa ruɗewa. To a ce Haɗaɗɗiyar Daular Afirka, a tashi.

Ɗan Zango, Kumasi:

Alhaji, a tashi ina? Daula fa sarauta take kawo wa mutum a rai. Abin da Nkrumah ya je da shi Addis Ababa a 1963 gwamnati ce ta jama'a: rundunar soja ɗaya, kuɗi ɗaya da babban banki ɗaya, manufar hulɗa da waje ɗaya, ɗan ƙasa ɗaya. Kuma ba da baki kawai ba, tun 1958 ya ƙulla haɗi da Gini ta Sekou Toure, daga baya Mali ta shigo. Su Tafawa Ɓalewa da sauran shugabannin da ake kira 'yan rukunin Monrovia suka ce a bi a hankali, a fara da ciniki da hanyoyi da sadarwa, su ne kuma suka yi rinjaye. Shekara guda bayan nan a Alƙahira aka yanke cewa iyakokin da Turawa suka bari su za a riƙe.

Wanda daula ta dace da shi Gaddafi ne. Shi ya farfaɗo da zancen a Sirte a 1999, ya yi ta turawa har ya zama shugaban ƙungiyar a 2009. Amma mutumin da ya tara sarakunan gargajiya a Benghazi a 2008 suka kira shi sarkin sarakunan Afirka, kowa ya san kujerar da yake hange. Shi ɗin dai ne a 2010 ya ba da shawarar a raba Najeriya biyu, har Abuja ta janye jakadanta. Mai son ɗinke nahiya yana yage ƙasa! In kun ce daula kun ba Gaddafi sunan, kun hana Nkrumah. Ni Jamhuriyar Tarayyar Afirka na zaɓa.

'Yar Damagaram:

To Sarkin Maroko fa, ɗan'uwa? Da na Lesotho da na Eswatini? Ka ce jamhuriya ka kore su tun ba a buɗe taro ba. Ga shi kuma Tarayyar Afirka na zaune a tsakiyar sunan naka, mun koma gidan jiya. Mai karanta labarai ya yi tuntuɓe ya haɗiye kalmar farko, shi ke nan an sake haihuwar kai.

Dattijo, Kaduna:

Ɗan Zango, daula ba lallai sai da rawani ba. Malamanmu da suka yi karatu a Sudan da Masar in sun ce daula, hukuma suke nufi, ƙasa mai iko, ko da shugabanta zaɓaɓɓe ne. A Hausa ma in an ce mutum yana cikin daula, ai ba sarauta aka ba shi ba.

Mai fassara, Kano:

Na kwana ina juya maganar Ɗan Zango, don tana da nauyi. Amma da na auna sai na ga abin da yake ƙi a kalmar shi ne amfaninta. Daula tana gaya wa mai sauraro cewa akwai wani iko a sama da shugaban ƙasarsa, akwai mai buɗe rumbu, in ji Malamin gona. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake ta gudu tun 1963. Tarayyar Mali, ta Senegal da Sudan ta Faransa (wato Mali ta yanzu), ta samu 'yanci a Yunin 1960, kafin ƙarshen Agusta ta tarwatse, kuma rigimar wa zai hau kujerar shugabanci na cikin abin da ya kashe ta. Ƙasashe biyu kacal ke nan. Mu nan ma mun gani da idonmu: a Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, a watan Agusta ta rufe iyakokinta na tudu, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Ina da suruki mai kai kaya ta Jibiya, a lokacin nan ko sunan Afirka ka ambata sai ya harare ka. Sunan da zai sa mutum ya ɗauka cewa wani taro ne kawai za a ƙara, sunan yaudara ne. Gara wanda in an ji shi za a ɗan ɗaga gira a ce, wa zai riƙe ta?

Haɗaɗɗiya kuma ta biya wa Baba buƙatarsa, don abin da aka haɗa ana iya nuna gaɓoɓinsa, ba kamar wanda aka dunƙule ba. Ta kuma kuɓutar da Hajiya daga zama 'yar jaha. Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da ginin sunan ta dalilin Larabawa, ba sai an yi dogon sharhi ba. Aibinsa ɗaya da na gani tsawo, kanun labari zai sha wuya, amma Majalisar Ɗinkin Duniya ma ba gajere ba ne kuma mun rayu da shi.

Saboda haka ni daga yau a rubutuna: Tarayyar Afirka ita ce ƙungiyar da ke Addis Ababa, ƙawance shi ne irin na Sahel, ƙasar da ake mafarki kuma Haɗaɗɗiyar Daular Afirka. A hira in an ce Afirka ƙasa ɗaya, ya wadatar. Jimlar nan tawa ta 2007 ga yadda ta koma: "Shugabannin Tarayyar Afirka na muhawara kan kafa Haɗaɗɗiyar Daular Afirka." Editan nan ya yi ritaya, amma zan tura masa in ga ko jan biron na nan.

Ɗan Zango, Kumasi:

Na bi jam'i, Malam, ba don na gamsu ba. Sharaɗina ɗaya: in an kafa ta, Accra ce babban birni.

Basakkwace:

Daula dai kunka ce ko? To kun san inda hedikwata take.