Wai da gaske ne za a hana gas ɗin R22? AC ɗinmu tsohuwa ce

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar AC ku taimaka min. Muna da wata tsohuwar AC a falo 'yar Beljiyom ce, tun ina amarya maigida ya sayo ta, to bana tunda zafi ya shigo iska kawai take hurawa babu sanyi. Na kira mai gyara yace gas ne ya ƙare, kuma wai nata R22 ne gwamnati zata hana shi shi yasa yayi tsada, wlh kuɗin da ya faɗa min sai da na nemi kujera na zauna. Kuma fa bara ma an zuba mata. Yace in ina so zai zuba min wani na daban mai sauƙin kuɗi. Maganar hanawar nan gaskiya ce ko dai yaga Oga baya gari ne? In na yarda da wancan ɗin ba matsala?

Baban Khalifa:
Wa alaikumussalam Hajiya, wannan sana'ata ce a nan Fagge. Gas ɗin AC ba fetur bane da zai ƙone ya ƙare, zagaye kawai yake yi a cikin faif, in bara aka zuba bana babu to yoyo take yi, kuma yawanci a wajen notin da ya haɗa faif da injin waje ne. Kisa shi ya kaɗa ruwan Omo ya shafa a mahaɗar a gabanki, in akwai sauran gas zaki ga kumfa na tasowa. In bai toshe nan ba ko sau goma ya zuba baɗi zaki sake kiransa. Batun wani gas na daban kuma kar ki yarda sam, in R410A yake nufi ƙarfinsa yafi na R22 nesa ba kusa ba kuma man kwamfiresonsu ba ɗaya bane, zai kashe miki inji ne kawai. Ki leƙa jikin injin waje akwai 'yar takarda a manne, gas ɗin da aka rubuta shi za a zuba. Tukunyar R22 koriya ce mai haske, ta R410A ruwan hoda, amma yanzu jabu yayi yawa, fenti kaɗai baya isa shaida.

Abu Hanif:
A batun doka mai gyaran bai yi miki ƙarya ba Hajiya, sai dai babu wanda zai shigo gidanki ya cire AC. Shigo da gas ɗin ƙasa ake matsewa. Asalin abin yarjejeniyar Montreal ce ta 1987 wadda Najeriya ta shiga a 1988, bayan an gano irin waɗannan gas ɗin in suka tashi sama sinadarin kulorin dake cikinsu na cinye ozon, wato rufin dake tare mana mugun hasken rana mai jawo kansar fata da yanar ido. R12 na tsofaffin firji shi aka fara gamawa da shi a 2010. Na R22 daki-daki ake yi, ragin kashi 10 cikin 100 a 2015, kashi 35 a 2020, kashi 67.5 a 2025, a 2030 a rufe sai ɗan kaɗan da za a bari saboda gyaran tsofaffin injina zuwa 2040. Ofishin ozon dake Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke riƙe da tsarin, hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli kuma tun 2009 take da dokar kare ozon. Kaya yana raguwa ga dala ta tashi, kinga dole tsada.

Ɗan Kwari:
Ni fa abin nan haushi yake bani. Turawa suka ƙera gas ɗin, suka sha sanyinsu shekara da shekaru, da suka gaji suka loda mana tsofaffin AC da firji a kwantena muka saya da kuɗinmu, yanzu kuma ace mu ne zamu daina. Mu da wutar ma sai an ga dama.

Abu Hanif:
Ɗan Kwari maganar jibge mana tsofaffin kaya gaskiyarka ce, wannan ko ni ina tare da kai. Amma su suka riga mu dainawa, mu an ƙara mana wa'adin kusan shekara 10, kuma akwai asusu da ƙasashe masu arziki ke zuba kuɗi dan taimaka wa irin namu. Abin ma yana aiki, masana sunce ozon zai koma yadda yake a 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, na saman Antatika can ƙarshen kudancin duniya sai wajen 2066. Inda zaka ƙara jin haushi shine R410A da R134a da aka kawo a madadi suma an taso su gaba tun taron Kigali na 2016, basa taɓa ozon amma suna ɗumama duniya sosai.

Hajiya Mai Ƙanƙara:
Baban Khalifa ni tawa tambayar, sabuwar firizar da na saya ta sola an rubuta R600a da hoton wuta a bayanta, ina ta tsoro ga yara a gida.

Baban Khalifa:
Ki kwantar da hankalinki Hajiya, eh yana kama wuta dan dangin gas ɗin girki ne, amma wanda ke cikin firiza ɗan mitsitsi ne, yawanci bai kai giram 100 ba. Abin kiyayewa kar yara su dinga ɓamɓaro ƙanƙara da wuƙa su huda faif, kuma kar ki bari mai gyara ya kunna wutar walda bai fitar da gas ɗin ba. Wasu masu gyaran har gas ɗin girki suke ɗura wa mutane suce ai duk ɗaya ne, alhali bashi da tsabtar da kwamfireso ke buƙata.

Maman Ilham:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Yanzu mai gyaran ya dawo munyi na Omon, ai kuwa kumfa ta dinga tashi a jikin noti kamar ana busa ta, sai sosa ƙeya yake yana cewa dama yayi niyyar dubawa. Na tura wa Oga hoton takardar, R22 ne, yace a toshe a zuba mata na bana, in Allah ya hore bayan sallah sai a duba sabuwa. Baban Khalifa in zamu saya wanne gas zamu nema a jikin kwalin?