Ajin rawa da basirar yara: abin da aka faɗa

Maganar da aka yi kan yadda ajin rawa zai buɗe basirar yara ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro muku ita wuri guda.

1. Kusan kowa ya yarda cewa kwaikwayon malami kaɗai ba ya buɗe basira. A bar wa yaro 'yan mintuna a kowane darasi ya ƙirƙiro nasa motsin. Wata ta ce a ce masa "yi tafiyar kunkuru" ko "zama iska", sai a zuba masa ido. Ni ma ra'ayina ke nan, don da haka yaro mai kunya ke sakin jiki.

2. A riƙa sauya kiɗa, mai sauri da mai sanyi, wani lokacin ma tafi kawai.

3. 'Yan shekara 3 zuwa 5, darasinsu ya zama gajere, wasa ya fi yawa.

Inda aka rabu shi ne gasa. Wasu sun ce tana ƙara himma, wasu suka ce tana sa yaro tsoron gwada sabon abu. An kuma yi saɓani kan zaman iyaye a cikin aji. Malaman da suka yi magana sun fi so a jira a waje, don yaro yakan yi ta waiwayen mahaifiyarsa ya manta da kiɗan.