Ƙurar ƙasashen waje: waɗanda suka yi karatu can ku ba mu labari

Maman Ilham:
Salam jama'a. Ƙanina zai tafi Alƙahira karatu, kuma yana da asma tun yana ƙarami, ko hazon Kano na Disamba sai mun kwana a kansa. An ce min can ma akwai wata iska mai ƙura da take zuwa duk shekara. Dan Allah wanda ya zauna can ko wata ƙasa mai irinta ya gaya mana abin da ya gani da idonsa, wallahi hankalina ya kasa kwanciya.

Ɗan Azhar:
Wa alaikumus salam Hajiya. Khamasin suke ce mata, daga Maris zuwa Mayu take zuwa. Kada ki auna ta da hazonmu fa, namu da sanyi yake zuwa ya zauna wata da watanni, ita kuwa daga kudu take tasowa da zafi, ta yi kwana ɗaya zuwa uku ta lafa sannan ta sake dawowa, kuma ranar da ta zo zafi yana iya haura digiri 40. Ni a unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira na zauna, da safe gari lafiya lau mun tafi darasi, kafin azahar sama ta koma ruwan ɗorawa, bakinka har ƙas-ƙas yake saboda yashi, ka dawo ɗaki ka tarar littattafai da katifa duk sun yi buɗu-buɗu alhali taga a rufe take. Idan ta haɗu da azumi nan ne ake jin jiki sosai.

Bakatsine:
Mu a Khartoum muka yi, Jami'ar Afirka, kafin yaƙin 2023. Tamu habub ce, wajen Mayu zuwa Yuli ta fi yawa kuma yawanci da yamma. Ita ganin ta kake tana tahowa, kamar katangar jan ƙasa tun daga ƙasa har sama, kafin ka kwashe shanya ta iso gari ya yi duhu, motoci su kunna fitila. Wani lokacin ruwa ya biyo bayanta. Ƴan Sudan rawaninsu kawai suke ja su rufe hanci, mu ma muka koya.

Injiniya:
China ma akwai. Ina Beijing ranar 15 ga Maris 2021, ƙurar daga hamadar Gobi ta wajen Mongoliya ta taso, aka ce an shekara 10 ba a ga irinta ba, har jirage da yawa aka soke. Can kowa a waya yake duba yanayin iska kafin ya fita.

Ummu Hanan:
Yaya ni mai asma ce kuma Masar ɗin na yi, to ki saurare ni da kyau. Ya ga likita tun a gida ya tafi da inhela fiye da ɗaya, guda a jaka guda a ɗaki, kar ya ce sai ta tashi zai nemo. Takunkumi ya sayi N95, wannan na yadin ba ya tare ƙura mai laushi. Ranar da aka sanar za a yi iska ya haƙura da fita ko da akwai lacca, ya jiƙa tawul ya toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, bayan ta wuce kuma kar ya yi shara da tsintsiya, tsumma mai ruwa zai sa ya goge, ni sharar bayan ce ma ta fi tayar min da ciwon. Abokan ɗakinsa su san yana da asma su kuma san inda maganin yake, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Maman Ilham:
Allah ya saka muku da alheri, na ɗan samu natsuwa. Ummu Hanan inhelar ana samu a kemis ɗin can cikin sauƙi?

Ummu Hanan:
Ana samu sosai Yaya, saidaliyya, wato kemis, kusan kowane layi akwai. Ya dai riƙe kwalin tsohuwar ya nuna musu saboda kar a ba shi wata daban.